Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe tara na dare, janareto na tari a bayan ɗakin gwaji.
Daga ni sai ɗan yankin dasashi
da bai kai ƙwayar gero ba.
Lamba aka ba shi, arba'in da bakwai,
amma na san mai shi:
Giɗaɗo, mai rake a Tashar Dukku,
wanda ya shigo da hantsi, hannu a kan baki,
kamar mai ɓoye dariya a gidan makoki.

Na ɗiga rini, na jira.
Duk inda furotin na kumburi ya taru, nan launi ke kamawa,
ja-ja, irin na tukar goro.
A naman mai lafiya ɗigo ne, nan da can.
Na Giɗaɗo ya rine har gefen gilashi.

Abin da ke ci mini rai, ba baƙi ba ne.
’Yan gida ne, jiki ne ya aike su.
An yi ihun ɓarawo, suka fito da sanduna,
ɓarawo ya laɓe a tsakanin haƙora,
su kuwa suka hau dukan katanga
shekara da shekaru,
ba wanda ya ce musu ya isa.

Haka kwari ya ci gidan Inna Dudu a unguwarmu.
Ba rana ɗaya ba.
Kowace damina taki guda,
har tushen gini ya tsaya tsirara yana girgiɗi.
Likita ta zura ma'auni tsakanin nama da haƙori,
ya nutse, ya ƙara nutsewa.
Milimita bakwai, ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Ya ce jini ya fara gani a jikin asuwaki
tun shekarar da aka yaye autarsa.
Ya ɗauka zafi ne, ya kurkure da ruwan gishiri.
Ba ya ciwo.
Abin da ba ya ciwo, wa zai bar kasuwa dominsa?
Yanzu fere wa yara rake yake yi,
ya miƙa, ya tsaya kallon yadda suke tauna.

Na ƙirga abin ƙirgawa.
A ƙasan takarda na rubuta: mai tsanani.
Kalma biyu, shekara goma sha ɗaya.

Da na koma gida na goge baki,
na tofar a farin kwano,
na haska da fitilar waya.
Na daɗe ina dubawa.