Falle Na Bakwai

Ƙarfe tara na dare a Matosinhos.
Masu gasa kifi sun fara kashe gawayi,
ni kuwa ina hawa na biyu na tsohon kamfanin gwangwani
da za a buɗe a matsayin gidan tarihi ran Asabar.
Linzami a hannu, kofi ya huce tun la'asar.

Falle na farko fari fat, na sa masa kwado.
Na biyu layi ne guda, baƙi, siriri,
daga shekarar da aka aza tubali
zuwa ranar da injin ya yi tari ya mutu.
Shekara tamanin da ɗaya, ga su a taki biyu na allo.
Sauran na jera su bisa juna kamar gilasan taga:
jiragen ruwa a nasu, masu gida da gashin bakinsu a nasu,
sai kibiyoyi masu nuna hanyar kifi,
a cire kai, a jiƙa a ruwan gishiri, a turara,
man zaitun, murfi.

Jiya hannuna ya goce, na ja fallen da ba shi ba,
sai ga gobara ta cinye ɗakin gishiri
shekara uku kafin a gina shi,
mai kamfani ya angwance yana rarrafe.
Telmo ya yi dariya har da riƙe ciki.
Na danna koma-baya, duniya ta daidaita.
Ina ma a waje haka take.

Na bakwai Dona Gracinda ce ta kawo shi
a jakar leda, rubuce a bayan takardun kuɗin wuta.
Sunan mata ɗari da goma sha huɗu.
Yatsunta sun lanƙwashe kamar ƙugiya,
da su take bin layin tana faɗa mini:
"Wannan Ermelinda, wuƙa ta raba ta da babban yatsa.
Wannan Idalina, naƙuda ta kama ta a gindin tukunya,
ran Litinin ta dawo bakin tebur."
Na buga su ɗaya bayan ɗaya,
kowacce ƙarƙashin shekarar da ta ɗaura gyale ta shigo.

Da safe Senhor Albano, jikan mai gashin baki,
wanda aljihunsa ke biyan kuɗin bangon,
ya leƙo ta kan kafaɗata.
"Ya cushe. Ido ba shi da wurin hutawa.
Cire na ƙasan nan."
A gefen kowane falle akwai ɗan ido.
Na taɓa shi, ya rufe.
Mata ɗari da sha huɗu suka fita ba ko takun sawu,
allo ya yi fes kamar farantin da kyanwa ta lashe.
Ya ce madalla, ya sauka.

Yanzu mai ɗab'i na jira, saƙonsa uku a waya:
haɗe su duka, turo shafi guda.
In na haɗe, babu sauran sama da ƙasa,
abin da ido ya rufe a kansa ya tafi ke nan.

Na buɗe idon.
Na ja na bakwai ƙasa, ƙarƙashin jirage da kibiyoyi,
na kwantar da shi a kan farin nan.
Na rage masa duhu, na rage, har sha biyu cikin ɗari,
kamar sawun gishiri a riga bayan gumi ya bushe.

Daga bakin ƙofa, bango fari ne, Albano zai huta.
Sai wanda ya matso har numfashinsa ya taɓa takarda.
Gracinda gajera ce, tabaronta mai kauri,
ba ta iya karanta komai daga nesa.

Na tura wa mai ɗab'i nasa.
Wanda ban haɗe ba yana aljihuna, cikin ɗan filashi.
Tsuntsayen teku na ta faɗa a kan rufi.
Na kashe fitila, na sauka ina lalube.