Goyon Aro

Daga Kenema aka kawo shi,
cikin kwalin taliya mai huji uku.
Igiya ta ci masa ƙugu
har fata ta fara rufe ta.
Likita ta ce wata takwas ne, ko tara,
ta ciro ƙwayar dalma biyu daga cinyarsa,
ragowar harbin da ya kakkaɓo uwarsa daga bishiya.
Muka raɗa masa Kpana.

Ni aikina na dare ne.
Nakan sa rigar nan mai gashi-gashi
don ya sami abin damƙa.
Madara sha ɗaya, madara ƙarfe biyu, madara da asuba.
Ruwan Agusta na dukan kwanon ɗaki
kamar mai bin bashi,
shi kuwa ya kafa kunne a ƙirjina
yana neman wata zuciya da ba tawa ba.
In na motsa ya ƙanƙame.
Ko bayi zan zaga, da shi.

A gida, can gangare wajen Freetown,
'yata Jenneh ta shinshina wuyana:
"Mama, kina warin daji."
Ta daina hawa cinyata.

Pa Nyakeh ke yanka musu gwanda da safe,
da rake, da ganyen dankali.
Shekara ashirin yana saɓe da bindiga
kafin ya zo nan.
Ba ya haɗa ido da Kpana.
Sau ɗaya na ji ya ce, ba ma da ni yake ba,
"Ba a ɗaukar ɗa sai manya sun kwanta."
Ya ci gaba da sara.

An ce biri ya yi kama da mutum.
Har yau ban san wa aka yaba ba.
Ga tsohuwa Sombo can bayan waya,
shekara goma sha biyu tana ɗaure a ƙofar mashaya
ana kunna mata taba ana shewa.
Ko yanzu in ta tsinci kara
sai ta maƙala a leɓe ta zuƙa.
Ba ta taɓa haihuwa ba.
Amma tun zuwan Kpana
take turo masa ɓawon lemo ta ƙasan ƙofa.

Bayan damina biyu aka zare sakata.
Na tsuguna, na ɓamɓare yatsunsa daga rigata
ɗaya bayan ɗaya.
Ya yi ƙarar da ta tayar da tsuntsaye.
Sombo ba ta matso ba.
Zama ta yi, ta juya masa baya,
ta miƙo hannu ta kafaɗa, tana jira,
ta daɗe tana jira,
har kukan ya koma shessheƙa,
har ya taka, ya taɓa, ya hau.

Suka shige cikin itatuwa.
Bai waiwayo ba.
Likita ta dafa ni: "Massah, abin da muke nema ke nan."
Na ce haka ne.
Pa Nyakeh ya ajiye wuƙa, ya fita waje.

Na wanke rigar, na shanya.
Har yanzu ƙarfe biyu na dare na tashe ni,
hannuna na laluben kwalba.
Da yamma in sun ɗauki ihu a kan tudu
ina iya tsince muryarsa a cikin arba'in.

Jiya Jenneh ta sake shinshina wuyana.
"Warin ya tafi," in ji ta,
ta haye cinyata, ta yi nauyi, ƙafafunta har ƙasa.
Na rungume ta sosai.
Ban gaya mata dalilin hawayen ba.