Tarin Yayana

Ruwa na tsuga a Nipponbashi.
Na jingine lema a ƙofar shagon Kuwabara,
hawa na uku, ɗaki kamar aljihun riga,
wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya a kwano.

Akwati biyu ya ɗora bisa tebur.
Aikinsu guda ne:
su karɓi lambobi tsirara, su tufatar da su da murya.
Kuɗinsu ma guda, yen dubu casa'in.

Na farko baƙi, kilo goma sha ɗaya,
ya ba shekara ashirin baya.
A zamaninsa kuɗinsa sai ya sayi mota.
Wani likitan haƙori ya mutu ya bar shi,
matarsa ta turo shi a keken cefane.
Gefen maɓallin ya koɗe
daidai inda babban yatsan mamacin ke sauka.
In ya lalace fa? na ce.
Kuwabara ya sosa ƙeya:
kamfanin ma ya daɗe da bin likitan.

Na biyu bai fi sabulun wanka ba.
Sabo dal, ga takardar lamuni ta shekara uku,
ga jadawalin awo da ke rantsuwa
wai tsabtarsa ta wuce inda kunnen mutum ke kaiwa.
Na ɗaga shi, sai na ji kamar an cuce ni.
Ina nauyin?

Shekara talatin ina tuƙa jirgin ƙasa zuwa Nara,
kunnen hagu ya tafi da ƙarar ƙarfe.
Da na dama na zo ciniki,
da shi da faifai ɗaya:
yayana Tokuji yana kaɗa shamisen a ɗakin girki,
a minti na huɗu ya yi tari, ya ce a yi haƙuri,
ya ci gaba.

Kuwabara ya rufe su da tawul, ya ce in juya baya.
Tsirkiya ta yi kuka. Tarin ya zo.
Ya sauya waya. Tarin ya sake zuwa,
wannan karon har da ƙamshin tabarsa.
Na ce wannan, wannan ne tsohon,
tsohon hannu ba ya ɓuya!

Ya ɗage tawul.
Sabulun ne.

Muka yi dariya har ya cire tabarau.
Sau biyar muka sake, na ci biyu, na faɗi uku,
ko kwabo aka jefa sama zai yi abin da ya fi haka.

Duk da haka hannuna na kan baƙin,
yatsana ya sami gurbin yatsan likita,
ya zauna daram.

Gidana hawa na huɗu ne, ba na'urar hawa,
gwiwoyina kuma suna da ƙuri'a.
Kuwabara ya dafa shayi, bai ce uffan ba.
A waje ruwa ya tsagaita.
Na ce, sake sa mini shi,
daga minti na uku.