Wayar Zinariya

A Jidda, bayan Isha, gumin teku na manne da riga,
Alhaji Gwadabe, mai shagon turare a Bab Sharif,
ya kira ni in haɗa masa sabuwar waya.
Riyal dubu tara.
Sau uku ya faɗi kuɗin kafin in cire takalmi.
Bakinta zinariya, jikinta kauri kamar kasa ta ƙoshi,
kwalinta ma an shimfiɗa masa karan-miski,
sai ka ce makwancin jinjirin attajiri.

Lasifika biyu a tsaye, kowacce ta kai ni tsawo.
Na durƙusa bayan kabad, cikin yana da ƙura,
ina laluben rami da ɗan yatsa
sai aljihuna ya ɗau ruri:
Ummi ce, wai kar in dawo ba maganin ciwon gwiwa.
Na ce to, na ce to, na sake cewa to,
na miƙe, na karkaɗe wando,
na ce, "An gama, Alhaji."

Baƙi suka iso. Aka zuba gahawa, aka turo dabino,
aka kashe na'urar sanyi don kar ta sa baki.
Aka ɗora faifan wani mai garaya na can gida
wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa.

Ustaz Sammani ya lumshe ido:
"Subhanallahi! Ga farcensa nan a kan tsirkiya."
Dakta Mudassir ya ajiye finjali:
"Da can a buhu sautin yake. Yau an kwance bakin buhu."
Alhaji bai ce uffan ba,
ya nuna kwalin da haɓa, ya share ido da gefen rawani.

Ni kuma?
Ba zan yi wa kaina ƙarya a takarda ba.
Na ji.
Na ji ɗakin ya buɗe kamar an ɗage rufi,
na ji makaɗin ya gyara zama a tabarma,
tsigar jikina ta tashi,
ni da na shekara ashirin da dalma a hannu.

Da suka watse na koma ɗaukar filayata.
Na haska bayan kabad.
Ga ta nan kwance, riyal dubu tara,
kanta a ƙasa, ba ta shiga ko'ina ba.
Tsohuwar ce a rami,
ta riyal goma, ta kasuwar gwanjo,
da baƙin salatif a wuyanta,
ita ta ɗauki garayar nan duk dare
ba wanda ya ce mata sannu.

Gani ya kori ji, in ji mutanen da.
Ban taɓa sanin har haka yake korar sa ba.
Ashe kunne ba ya zuwa taro shi kaɗai,
rasiɗi ne ke riƙe masa sanda.

Na sauya su a hankali, kamar ɓarawo mai mayar da kaya.

Washegari Alhaji ya bugo, muryarsa a dakushe:
"Talle, yau kamar ta ɗan ja baya. Jiya ta fi zaƙi.
Amma mai shago ya ce sai ta yi awa ɗari kafin ta nuna."
Na ce Allah ya nuna mana.

A gida Ummi ta juya kwalin da na kawo, ta ture shi.
Wannan farin ba ya ji, in ji ta,
a samo mata mai jan kwali, na kemis ɗin bakin titi.
Na karanta bayansu a ƙarƙashin fitila:
suna ɗaya, awo ɗaya, kamfani ɗaya.
Na sa takalmi. Na sayo ja, ninki uku.
Ta sha da ruwan sanyi, ta miƙe ƙafa,
kafin in naɗe ledar ta yi barci.