Igiya Uku a Satara

Ni tela ne. Shagona na bayan barikin Satara,
tsakanin mai shayi da mai gyaran laima.
Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinka wa maza girma a hannun riga:
igiya uku, kai a ƙasa, fiffike a sama,
daga ranar sai a ce da mutum Habildar.
Na ji a wasu ƙasashen saje suke cewa.

Kakana ya ce sunan ya girmi barikin,
ya girmi bindigogin da ke rataye a ciki.
Daga bakin Farisawa ya gangaro,
ma'anarsa wanda aka danƙa wa amana.
A da can, in ji shi, Habildar ke riƙe da makullin ganuwa
a bisa duwatsun nan da hadari ke kwana a kansu.
Rana na faɗuwa zai ja ƙyaure da hannunsa,
ya girgiza kwaɗo, ya ji ko ya kama.
Wanda ya makara, ko shi ya gina ganuwar,
sai ya kwana a waje da sauro.

Sai Turawan kamfani suka iso da littafin albashi.
Suka ga suna mai kyau, suka ɗauka,
suka rage masa tsawo yadda nake rage wando.
Ganuwa ta tafi, aka bar masa usur da 'yan kurata.
Hafsa a sama, kurtu a ƙasa,
shi a tsakiya kamar zare a kafar allura:
a ja ta nan, a ja ta can.
Soja suka riƙe sunan, 'yan sanda ma suka ara.

Shiripati Dumal ya zo mini da damina,
igiyoyinsa a naɗe cikin tsohuwar jarida.
Shekara goma sha tara yana jiran su.
Ya ce, "Maigida, ka ninka zaren,
matata Kausalya da dutse take wanki."
Na ninka. Bai nemi ragi ba.

Damina ta uku kogi ya kumbura.
Aka ba shi gada, da fitila, da sanda ɗaya ta gora,
aka ce kada kowa ya haye sai gari ya waye.
Tsakar dare ga farar mota mai tuta a goshi.
Direba ya danna oda har ya gaji.
Na bayan ya sauke gilashi, ya ce, "Ka san ko ni wane ne?"
Shiripati ya sara masa, ruwa na zuba daga hularsa,
ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Gadar ce ba ta sani ba."
Motar ta kwana a nan har asuba.

Gadar ba ta karye ba.
Da ta karye, da hotonsa na jarida.

Bayan mako biyu ya dawo da rigar a hannu.
Bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.
Ya nuna igiya ta uku da haɓa.
Na ɗauki reza. Zaren da na ninka ya yi mini gardama,
sai da na yanki yatsa.
Da ƙyallen ya tashi, sai ga wurinsa:
rana ta cinye launin rigar duka,
ban da nan. Kakin na nan sabo fil,
kai a ƙasa, fiffike a sama.

Igiyar tana cikin gwangwanin maɓallaina.
Shi kuwa ya yi ritaya, yana sayar da albasa a bakin tasha.
Jiya na ji mai shayi ya ɗaga murya:
"Habildar, da sukari ko babu?"
Ya ce, "Babu. Likita ya hana."