Gidan da Ba Shi da Matakala

Shekara talatin da ɗaya ina hawa.
Buhun siminti a wuya, kwanon yashi a ka,
na hau Hartum hawa-hawa,
bene na uku, na biyar, na tara,
ɗakunan da ban taɓa kwana cikinsu ba.
In aka shafa fenti, aka kafa ƙofa,
sai mai gadi ya tambaye ni wa nake nema.

Gwiwa ce ta riga ni magana.
Ta dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa.
Kubura ta ce: Malam, sauko haka nan,
tsuntsu ma a ƙasa yake kiwo.

Muka sauka a Suki ana kiran la'asar.
Dillalin, wani Tanimu mai haƙorin azurfa,
Hausarsa ta jiƙa da Larabci har ta yi laushi.
Gida na farko yana jikin injin niƙa.
Na biyu damina ta cinye masa katanga.
Na uku bai so nunawa ba, wai ya yi mana kaɗan.

Ɗaki biyu da rumfar kara.
Randa tana gumi a inuwar darbejiya.
Gadon igiya, ƙafa uku da tubali.
Lemun tsami ya jingina da katanga
kamar mai sauraron hirar maƙwabta.
Na zaga gaba, na zaga baya,
ba tsani, ba matakala,
sai dokin ƙofa, shi ma bai kai tafin hannu ba.

Mai gidan, dattijo Jadullahi,
ido ya yi rauni, zai koma Madani wurin ɗansa.
Ya dafa gahawa da citta.
Ba wanda ya ambaci kuɗi sai da kofi na uku ya huce.
Na taya, ya ce albarka.
Na ce rufin ɗakin kudu yana yoyo, ga tabo nan.
Ya ce ruwan Allah ba ya shiga gidan da ba ya so.
Na ƙara kaɗan. Ya juya wajen lemun, ya daɗe.
Marigayiya ce ta dasa, in ji shi,
shekarar da kogi ya hauro har kasuwa.
Na sallama a yadda ka ce,
amma in ya nuna, a aiko mini da kwando ɗaya.
Kubura ta riga ni buɗe baki:
Biyu, Baba.

Na kwance ɗamara, na zube damman fam,
wasu sun yi laushi kamar ganyen yakuwa.
Kowane dami na san ginin da ya fito.
Liman ya rubuta, shaidu suka dangwala yatsa,
hatimi sai gobe in ma'aikaci ya zo.
Makulli ɗaya ne, da jan tsumma a wuyansa.

A jikin ƙofar ɗaki akwai zanen ƙusa,
tsayin 'ya'yan wani, shekara bisa shekara.
Kubura ta ce a shafe da ƙasa.
Na ce a bari,
wannan hawan ba ya cin gwiwar kowa.

Daren farko na ja gado tsakar gida.
Daga nan ba a hango gada, ba a hango fitilu,
sai katanga, sai kukan jakin maƙwabci,
sai sama da ta koma nesa, inda take tun farko.

Da asuba na nufi randa a cikin duhu.
Ƙafata ta ɗaga da kanta tana neman matakala,
ta taka iska,
ta dawo ƙasa da ƙarfi.
Daga ɗaki na ji Kubura tana dariya ƙasa-ƙasa:
Ka iso, Malam. Ɗebo ruwan.