Baƙin da Nake Roƙo

Matakala ɗari da tara
tsakanin titi da ƙofata a kan tudun Valparaíso.
Shekara talatin ina hawa, ban ƙirga ba.
Ƙafa mai lafiya ba ta san lissafi ba.

Farantin burodi ya fara faɗa mini.
Na ɗaga shi zuwa bakin tanda, kafaɗa ta ce a'a.
Daga nan matsefi ya yi nauyi,
kujera ta koyi riƙe baƙo.
Likita Quilodrán ta ce garkuwar jikina ce
ta juya tana cin gida,
kamar karen da ya manta muryar mai shi.

Bara sun yanki ɗan nama a cinyata ta hagu
don su tambaye shi labari.
Ga tabon nan, tsawon ɗan yatsa.
Na yi sati uku ina sauka da baya-baya.

Yanzu sai Nibaldo, ranar Talata ta farkon wata.
Yana hura wa tafinsa iska kafin ya taɓa ni,
ya shafa mai mai sanyi,
ya ɗora kan na'urar daidai ɗigon tawadar wancan watan.
Ba wuƙa, ba allura.
Sauti yake aikawa, wanda kunne ba ya ji,
ya shiga, ya gaisa da ƙashi, ya dawo da amsa.

Herminia, in ji shi, dubi allo.
Tsoka mai rai baƙa ce,
dare ne da ɗan yayyafin taurari.
Inda ciwo ya kwana, nan ke yin fari,
kamar hazon da ke haɗiye jirage a tashar ruwa.

To ni da na ƙare rayuwa cikin garin fulawa,
fari a hannu, fari a gira,
yau ga ni kwance a kan takarda mai ƙara
ina roƙon baƙi.
Farin cikina yana cikin duhun nan.

Watan Mayu hazo ya ci rabin cinyar dama.
Yuni bai motsa ba.
Aka ƙara ƙwaya, fuskata ta zama wata ɗan sha huɗu,
jikata Maite ta ce na fi kyau, maƙaryaciya.
Yau ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba,
ya ja layi, ya auna, ya sake aunawa.
Ya rubuta lamba. Ta ragu da kaɗan.
Kaɗan nawa?
Kamar gishirin da kike barbaɗawa a ƙullu, ya ce.
Na ce, yaro, wannan gishirin shi ne burodin.

Ya ba ni tsumma na goge man.
A hanyar gida na tsaya a matakala ta arba'in da ɗaya,
inda kyanwar maƙwabta ke shan rana.
Watan jiya a ta talatin da takwas na tsaya.
Ban gaya wa kowa ba tukuna.
Teku na can ƙasa, baƙi ƙirin, yana numfashi.